Gyaran Sandar Kurket: Ƙofar Samu Ga Kafintocin Suleja

Nasarar da 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka yi kan Niyu Zilan a gasar kurket ta duniya a Malesiya cikin 2025 ta jawo hankali ga wasan, amma kayan wasan daga waje ake shigo da su.

Da itacen wilo na Ingila ko Kashmir ake sassaƙa sandar kurket. Tsawonta ba ya wuce inci 38, faɗinta kuma inci 4.25. Iskar hunturu takan busar da itacen har ya tsage, ga kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 da ta tsawwala kuɗin sabuwa.

Gyaran bai fi ƙarfin kafinta ba. Akan ɗura gam a tsagar, a ɗaure tam har ya bushe, a goge da samfefa, a shafa ɗanyen man linsid kaɗan, sa'an nan a bubbuga fuskar da gudumar katako. Mariƙin da ya karye kuwa sauya shi ake yi.

Suleja na maƙwabtaka da Abuja, inda ake buga wasan. Duk sandar da aka ceto a nan, kuɗin waje ne aka tsimar wa ƙasa.