Jan Kifin Tafkin Redfish

Wanda bai san duniya ba, Bahaushe kan ce masa kifin rijiya. To, a jihar Idaho ta Amurka akwai kifin da ya fi fatake yawo. Wani jinsin salmon ne da ake kira sockeye. A tafkin Redfish, can cikin duwatsun Sawtooth, ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara ɗaya ko biyu, sannan ya bi kogin Salmon, ya faɗa Snake, ya shiga Columbia har tekun Fasifik.

Idan ya girma a teku sai ya juyo gida. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,450 yana tunkarar ruwa, ga hawan tudu na kusan mita 2,000, kuma tun da ya baro ruwan gishiri ba ya cin komai. Da ƙanshin ruwa yake gane hanya. Kafin a zuba ƙwai jikinsa ya rine ja wur, kai ya koma kore, bakin namiji ya lanƙwashe. Su haihu, su mutu nan, gawarsu ta zama takin da ke ciyar da tafkin da 'ya'yansu za su tashi a ciki. Jan da suke rina ruwan da shi ne ya sa aka raɗa wa tafkin suna Redfish, wato jan kifi.

Al'ummomin asali na arewa maso yammacin Amurka sun daɗe suna yi wa kifin farko na shekara biki, su mayar da ƙasusuwansa kogi domin ya dawo baɗi. Ba su ɗauki dawowarsa a matsayin dole ba, kuma sun yi gaskiya.

An ce kifi a ruwa sarki ne, amma wannan sarkin an tare masa hanya da madatsun ruwa takwas, huɗu a Columbia, huɗu a Snake. Madatsa kan mayar da kogi mai gudu kwantaccen ruwa mai ɗumi, ƙanana su ɓata lokaci a ciki, tsuntsaye da manyan kifaye su yi ta wawushe su. Ƙabilun Shoshone-Bannock ne suka kai kuka a 1990, gwamnati ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa a 1991. A 1992 namiji ɗaya tak ya iso tafkin. Aka sa masa suna Lonesome Larry, aka daskarar da maniyyinsa, aka yi ta haɗa shi da ƙwan matan da ake kiwo a gidan kifi.

Wannan kiwo ya hana iri ɓacewa, amma bai gyara kogin ba. Ruwa ba ya tsami banza: a 2015 zafi ya dafa kogunan, kusan duk waɗanda suka kamo hanyar gida suka mutu. Ƙabilar Nez Perce na neman a rushe madatsun Snake huɗun nan, manoma masu jigilar alkama a jirgin ruwa da masu wutar lantarki sun ce a'a. Ni dai ina bayan Nez Perce, domin alkama tana iya bin jirgin ƙasa, kifin kuwa ba shi da wata hanya sai kogin.