Yoyon Matoshin Jirgin Alminiyam: A Gano Kafar Kafin a Shafa Gam

Kusan kowane ƙaramin jirgin ruwa na alminiyam yana da huda a jikinsa, kuma da gangan maƙera suka yi ta. Tana can ƙasan allon baya, inda ake ɗaura inji, faɗinta galibi inci 1, wato kimanin santimita 2.5. Idan an jawo jirgi tudu sai a zare matoshin, ruwan sama da na wanki su tsiyaye. Masuntan Yawuri da Tafkin Chadi da suka tashi da kwalekwalen katako ba su saba da wannan ba, su da ƙwarya suke kwalfewa. Jirgin alminiyam a Amurka ya yaɗu, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanin Grumman mai ƙera jiragen yaƙi ya shiga ƙera kwalekwalen alminiyam a 1945. Yau ya shigo hannun mutanenmu, ya kuma zo da lalurarsa.

Mutane na raina wannan huda. Tun 1643 Baitaliye Torricelli ya nuna cewa zurfin da huda take a ƙarƙashin ruwa shi ke yanke ƙarfin kwararar. In matoshi ya fice gaba ɗaya, hudar kuma tana santimita 15 a ƙasa, ruwan da zai shigo ya kai lita 30 a minti guda. Jarka mai lita 25 ba za ta yi minti ɗaya ba ta cika. Kowace lita kilo 1 ce, don haka cikin minti 10 an yi wa jirgi lodin kilo 300, nauyin manya huɗu da ba wanda ya ga shigarsu. Jirgi na ƙara lumewa, hudar na ƙara zurfi, ruwan na ƙara ƙarfi. Ga shi ruwan cikin jirgi ba ya zama wuri ɗaya: wani ya ɗan karkata, duk ya kwarara ɓangarensa. Sau da yawa kifewa ke riga nutsewa.

Yoyo kaɗan-kaɗan shi ya fi yawa, shi ne kuma ake yi wa gaggawar magani. Mai jirgi ya ga ruwa a gindin inji, ya sayo gam ya lafta, gobe ruwa ya dawo. Mai faci ba ya manna roba sai ya tsoma tub a ruwa ya ga inda kumfa ke tashi. A nan ma haka ne, sai dai a juye. A ɗora jirgi a busasshen wuri, a sa matoshi, a zuba ruwa a ciki har ya rufe hudar da ɗan yatsa biyu ko uku, kada a cika shi, don ba a ƙera shi ya ɗauki nauyin ruwa daga ciki ba. Sai a tsuguna a baya da busasshen tsumma. A goge, a jira, a ga inda ɗigon farko zai ɓullo. Wani lokaci ma matoshin ba ruwansa, wata ƙusar ribit ce ta saki a can gefe, ruwan ya gangaro baya.

In ruwan ta tsakiyar bututun da aka sa a hudar yake ɗiga, abin ya zo da sauƙi. Matoshin roba ne da ƙarfe a tsakiya, ana murɗa hannunsa robar ta matse ta kumbura ta cika bututu. A ƙara murɗawa zagaye biyu. In rana da fetur sun busar da robar har ta tsattsage, a sayi sabo. A kuma zura yatsa cikin bututun: yashi ko farin gari da ya kama ciki yana hana roba zama, samfefa mai laushi ta ishe shi. Bututun da dutse ya lotsa, ko sabon matoshi ba zai riƙe shi ba sai an mayar da shi zagayayye.

In kuwa ta gefen bututu ruwan ke fita, tsakaninsa da allon, a dubi da wane ƙarfe aka yi shi. Tagulla da alminiyam in suka haɗu cikin ruwa sai su zama ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne kuma ke cinyewa. Farin garin nan da ƙananan ramuka a kewayen hudar, jikin jirgin ne ke zubewa. A ruwan gishiri abin na sauri, a Neja da Binuwai a hankali yake yi, amma yana yi. Tun 1824 Humphry Davy ya gwada wannan ilimi a jiragen sojan ruwan Ingila, ya liƙa wani ƙarfe da zai cinye a madadin jikin jirgi. Don haka in za a canza bututu, a nemi na alminiyam ko na roba mai tauri. A kankare wurin har ya yi ƙyalli, a goge maiƙo, a sa gam na jirgin ruwa irin 3M 5200, wanda ke iya cin mako guda kafin ya kama sosai. Silikon ɗin tagogi mai warin binega ba na nan ba ne. Ba ya riƙe alminiyam da kyau, kuma inda ya taɓa wani gam ba ya kamawa sai an sha wuyar kankara.

Walda ita ce gyara mai ɗorewa, in an dace da gwani. Alminiyam na narkewa a digiri 660, fatar da ke samansa kuwa sai ta haura digiri 2,000, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kafin ya zube. Mai waldar ƙofa da taga in ya sa masa wuta, hudar inci 1 za ta koma ta tafin hannu. A nemi mai injin argon da ya saba gyaran alminiyam.

Bayan kowane gyara a sake gwajin ruwan a tudu kafin a ɗauki ko mutum ɗaya. Matoshi kuma a sayi biyu, a ɗaure ɗaya da igiya a gindin inji.