Ayyukan Bayan Aji a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun ɗauka ilimi shi ne abin da malami ya rubuta a allo, muka kwafa, muka haddace, muka mayar masa ranar jarrabawa. Shi ya sa idan aka kira taron ƙungiyar ɗaliban Hausa, ko aka nemi wanda zai kawo rubutu a wannan mujalla, sai ka ji ana cewa babu lokaci. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka wannan maƙala za ta waiwayi wata makarantar sakandare da ke wani ƙaramin gari a gabashin Nijeriya, daga 1929 zuwa wajen 1960, domin mu ga abin da ayyukan bayan aji suka haifar a can.

Garin da Makarantar

Umuahia ta zama hedikwatar Jihar Abiya a 1991. Amma a zamanin da muke magana ƙaramin gari ce, tasha a kan hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu, inda ake cinikin manja da ƙwara. A gefen garin, a kan hanyar Umudike, gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe Kwalejin Gwamnati a 1929, a shekarar da ta buɗe takwararta ta Badun. Shugabanta na farko wani limamin Kirista ne Bature mai suna Robert Fisher. Makarantar kwana ce ta maza zalla, kuma sai an ci jarrabawa mai tsanani ake shigarta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an rufe ta, aka mai da ita sansanin tsare Jamusawa da Italiyawa, aka kai ɗalibanta wasu makarantu. Kafin yaƙin ya ƙare aka sake buɗe ta, kuma a 1944 Chinua Achebe ya shige ta.

Dokar Littattafan Darasi

Shugaban makarantar a zamanin su Achebe shi ne William Simpson, malamin lissafi. Ya lura cewa yaran sun duƙufa ga haddar darasi dare da rana, domin takardar jarrabawa ita ce hanyar samun aikin gwamnati. Sai ya kafa wata doka da ake kira Dokar Littattafan Darasi. Dokar ta hana ɗalibi ya taɓa littafin aji a wasu sa'o'in yamma na wasu ranakun mako. Wanda aka kama yana bitar lissafi ko kimiyya a wannan lokaci ya yi laifi. Abin da ya rage masa shi ne ya fita filin wasa, ko ya ɗauki littafin labari daga ɗakin karatu.

A nan ne yaran suka haɗu da littattafai irin su Gulliver's Travels da Treasure Island da David Copperfield. Abin lura shi ne, dokar ba ta ce kowa ya zama marubuci ba. Lokaci kawai ta ƙwato daga hannun hadda ta ba karatun nishaɗi. Yaron da ya shekara huɗu ko biyar yana karanta labari kowane mako, kunnensa zai saba da yadda ake gina jumla, da yadda ake buɗe labari a rufe shi, ko da babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

Mujallu

An raba ɗaliban gida-gida, kowane gida da shugabanninsa daga cikin manyan ɗalibai. Gidajen suna gasa da juna a wasanni da tsafta, kuma suna da mujallunsu, ban da babbar mujallar makaranta. Tun zamanin Fisher akwai wata mai suna The Eastern Star. A waɗannan mujallu ɗalibai suke buga gajerun labarai da waƙoƙi da rahoton wasanni. Amfaninsu a fili yake. Rubutun aji mutum ɗaya ke karanta shi, wato malami, ya ba da maki. Rubutun mujalla kuwa abokanka ne za su karanta, su yaba ko su yi maka dariya. Ta haka yaro yake koyon rubutu domin mai karatu. Cikin malaman da suka koyar a wannan zamani akwai Saburi Biobaku, masanin tarihin nan wanda ya shugabanci Jami'ar Ikko daga 1965 zuwa 1972.

Wasanni da Zane-zane

Wasan da ya fi daraja a makarantar shi ne kurket, domin an tsara ta ne a kan tsarin makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila. Akwai kuma ƙwallon ƙafa da hoki da dambe da guje-guje da tsalle-tsalle. Christopher Okigbo, wanda duniya ta sani da waƙa, a makaranta an fi saninsa a filin kurket da na ƙwallo. A fannin zane, Kenneth Murray ya koyar a Umuahia a shekarun 1930, kuma cikin ɗalibansa akwai Ben Enwonwu. A 1937 Murray ya kai ayyukan ɗalibansa baje koli a Landan. Enwonwu ne daga baya ya ƙera mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A shekarun baya kuma an kafa ƙungiyar horon soja ta ɗalibai, kuma makarantar ta yaye hafsoshi irin su George Kurubo da Alexander Madiebo.

Abin da Aka Girba

Idan aka jera marubutan da suka fito daga wannan makaranta guda, abin zai ba da mamaki. Akwai Gabriel Okara mai The Voice (1964), da Achebe mai Things Fall Apart (1958), da Okigbo, da Chukwuemeka Ike wanda ya gina The Bottled Leopard (1985) a kan rayuwar irin wannan makaranta, da Elechi Amadi mai The Concubine (1966), da Ken Saro-Wiwa mai Sozaboy (1985). Wasunsu ma ba adabi suka nufa ba da farko. Achebe likitanci ya fara karantawa a Badun a 1948 kafin ya sauya, Amadi kuwa kimiyyar fizik da lissafi ya karanta. Wannan ya nuna cewa irin da ya tsiro a jikinsu a wajen aji aka shuka shi.

Inda Gizo ke Saƙa

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Duk waɗannan ayyuka da Ingilishi ake yin su, kuma an haramta magana da harshen gida. Achebe ya ba da labarin cewa hukuncin farko da aka yi masa a makarantar, dalilinsa shi ne ya roƙi wani yaro da Ibo ya miƙo masa sabulu. Hukuma tana da hujjarta, tun da yaran sun fito daga ƙabilu daban-daban. Amma sakamakon shi ne mafi hazaƙar yaran yankin sun ba Ingilishi basirarsu, harsunansu kuma suka rasa ta. Ya kuma faɗi cewa a lokacin da yake karanta labaran Turawa game da Afirka, bayan Turawan yake goya, sai daga baya ya gane cewa shi ne baƙin mutumin da ake siffantawa a ciki. A arewa abin ya ɗan bambanta. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta nemi a rubuta labarai da Hausa, kuma tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina biyu, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka rubuta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Harshen da aka ba fili, shi ne ya samu littattafai.

Kammalawa

Kwalejin Umuahia ta sha wahala a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yaƙin da ya ci ran Okigbo tun a shekarar farko. Daga baya ta lalace, har a 2014 gwamnatin Abiya ta miƙa ta ga tsofaffin ɗalibanta domin su farfaɗo da ita. Darasin da ya shafe mu, 'yan'uwana ɗalibai, guda biyu ne. Na farko, harshe ba ya zama a bakin mutum da haddar nahawu kaɗai, musamman ga irinmu da muka koyi Hausa da girmanmu a garin da ba a jin ta a kasuwa. Sai an karanta labari, an yi muhawara, an hau dandali an yi wasan kwaikwayo. Na biyu, mu babu wanda zai hukunta mu don mun yi Hausa ko Ibo ko Yarbanci. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta ware sa'a ɗaya kowane mako, a ajiye takardun lacca, a karanta littafin Hausa tare, sannan kowane aji ya kawo rubutu ɗaya a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.