Ashirin da Huɗu a Tara da Talatin, Amsa 2430: Yadda Ake Gano Kuskuren Haɗa Rubutu a Kwamfuta

Gabatarwa

Jama'a da dama sun ɗauka cewa kwamfuta ba ta kuskuren lissafi. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, domin abin da aka umurce ta shi take aikatawa. Sai dai sau da yawa abin da mutum ya rubuta mata ya sha bamban da abin da yake nufi a zuciyarsa. Wannan maƙala za ta duba ɗaya daga cikin kurakuran da suka fi wahalar da masu koyon rubuta wa kwamfuta umarni, wato inda aka so ta tara lambobi, ita kuwa ta jera su kamar haruffa. Za a bayyana dalilin faruwarsa, da kuma matakan da ake bi a gano shi.

Misali daga gonakin Batsari da Safana

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana maƙwabtan juna ne a yammacin Jihar Katsina, kuma dukkansu suna gefen Dajin Rugu. Daga cikin itatuwan da manoman irin wannan yanki ke bari a gona akwai gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina, ya tofo da rani, don haka ba ya tare wa gero rana, kuma yana ƙara wa ƙasa taki.

A ƙaddara wasu ɗaliban sakandare sun fita ƙidayar gawo. A wani fili na Batsari sun samu 24, a wani mai girmansa a Safana sun samu 30. Ɗayansu ya rubuta ɗan gajeren umarni da zai karɓi lambobin biyu, ya tara su, ya raba gida biyu. Amsar da ta dace ita ce jimla 54, matsakaici 27. Amma da aka buga, sai allo ya nuna jimla 2430, matsakaici 1215. Kwamfutar ba ta yi ƙorafin komai ba. Idan wannan adadi ya shiga rahoto, wanda ya karanta zai ce ai yankin ba ya bukatar ko dashe ɗaya. Ƙididdigar yaran da za a yi wa rigakafi ko buhunan takin da za a raba ma haka za ta iya lalacewa.

Kama da wane ba ta wane

A idon mutum 24 da “24” abu ɗaya ne, amma a cikin kwamfuta jinsinsu daban. Na farko adadi ne, ana ajiye shi da ƙirgen sifiri da ɗaya a matsayin 11000. Na biyu, wanda ke cikin alamar zance, jerin haruffa ne guda biyu. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, harafin “2” lambarsa 50 ce, harafin “4” kuwa 52. Ke nan a wajen kwamfuta “24” ba shi da bambanci da “ka” ko “ta”: haruffa biyu ne a jere.

Tushen rikicin shi ne alamar tarawa, wato +, aiki biyu take yi a harsunan kwamfuta da yawa, irin su BASIC, da Python na 1991, da JavaScript na 1995. Idan ta sami kanta tsakanin adadi biyu sai ta tara su. Idan kuwa tsakanin rubutu biyu ne sai ta manna na biyu a wutsiyar na farko. Don haka “24” + “30” ya zama “2430”. Abin da ya sa ɗalibin bai ankara ba shi ne, duk abin da aka buga a kan maɓallan kwamfuta a matsayin rubutu yake fara shiga, ko da lambobi ne zalla.

Harsunan ma halinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka ba Python “24” + 30, wato rubutu da adadi, sai ya tsaya cak ya nuna saƙon kuskure. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. JavaScript kuwa ba ya tsayawa, zai mai da adadin rubutu ya manna su. Amma idan ya zo rabawa, da yake alamar rabawa aiki ɗaya take da shi, sai ya mai da “2430” adadi ya raba shi biyu. Ta nan 1215 ta fito.

Kuskuren da ya yi shekaru a ɓoye

Ba ɗalibai kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. A wasu harsunan kwamfuta, idan aka tambayi shekara, abin da ake samu shi ne yawan shekarun da suka wuce tun daga 1900. A shekarar 1999 amsar ita ce 99. Masu rubuta umarni da yawa sai suka riƙa manna “19” a gabanta, aka sami 1999, kowa ya gamsu. Ranar 1 ga Janairu 2000 amsar ta zama 100, sai ga shafukan intanet suna nuna shekara ta 19100, ciki har da shafin hukumar sojan ruwan Amurka mai lura da taurari da daidaita lokaci. Da an tara 1900 da 100 maimakon mannawa, da 2000 aka samu. Darasin da ke nan shi ne, amsa na iya fitowa daidai bisa dace, alhali hanyar da aka bi gurɓatacciya ce.

Matakan bincike

Masu wannan sana'a kan kira kuskuren umarni da sunan ƙwaro. Sunan ya riga kwamfuta, amma ranar 9 ga Satumba 1947 ma'aikatan injin Mark II na Jami'ar Harvard sun ciro ƙwaro na gaske daga cikinsa, suka liƙa shi a littafin aiki. Farautar ƙwaron umarni kuwa ba ta da bambanci da gwajin da ake yi a ɗakin kimiyya: a lura, a yi zato, a gwada.

Na farko, a dubi siffar amsar da kyau. A cikin 2430 ga 24 ga 30 suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Duk lokacin da lambobin da aka shigar suka bayyana a jere cikin amsa, mannawa aka yi.

Na biyu, a gwada da abin da aka riga aka san amsarsa. A tara 24 da sifiri. Idan 240 ta fito, magana ta ƙare. Haka nan a sauya musu wuri. A lissafi 24 + 30 da 30 + 24 duk 54 ne, amma a mannawa ɗaya 2430 ne, ɗaya 3024.

Na uku, a tambayi kwamfutar jinsin abin da take riƙe da shi. A Python ana amfani da type, a JavaScript kuma typeof. A manhajar Excel ido ma ya isa, domin bisa al'ada adadi gefen dama na gida yake raɓewa, rubutu kuwa gefen hagu. Wannan yana da muhimmanci, saboda umarnin SUM yakan tsallake gidajen rubutu a cikin jeri ba tare da ya faɗa ba, sai jimla ta fito a gurguje.

Na huɗu, a bi sawun lambar har ƙofar da ta shigo, a juya ta zuwa adadi tun a can. Python yana da int, JavaScript yana da Number, BASIC kuwa VAL.

Na biyar, a lura da jeri. JavaScript daga hagu yake farawa. Idan aka rubuta “Jimla: ” + 24 + 30, zai manna 24 da kalmar, sannan ya manna 30, a sami “Jimla: 2430”, ko da yake lambobin adadi ne na gaske. Maganinsa shi ne a kewaye 24 + 30 da baka biyu domin a fara tara su.

Na shida, abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya sauya iri da taki da ban-ruwa a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara shukarsa ba.

Ko inda mannawar ake so, sai an kula da tazara, domin kwamfuta ba ta saka ta da kanta. Duk ɗalibin da ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya san “ta fi” daban, “tafi” daban. Idan ba a saka harafin tazara a tsakani ba, “ta” + “fi” tafiya zai haifar.

Idan aka juya kuskuren

Akwai kuma inda rubutu ake nufi, kwamfuta ta ɗauke shi adadi. Lambar wayar hannu a Nijeriya tana da alƙaluma 11, na farkonsu sifiri. Idan aka shigar da ita Excel a matsayin adadi, sifirin zai ɓace, domin sifirin gaba ba shi da daraja a lissafi. Lambar waya suna ce, ba a tara ta ba a raba ta.

Masana ilimin halittu sun ɗanɗana irin wannan. A da, wasu ƙwayoyin gado na ɗan Adam suna da sunaye kamar SEPT2 da MARCH1, Excel kuwa sai ya ɗauka 2 ga Satumba da 1 ga Maris ake nufi, ya mai da su kwanan wata. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostireliya sun duba maƙalun bincike fiye da 3,500 masu ɗauke da irin waɗannan jadawalai, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na da wannan kuskure. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gado suna ya sanar da sauya su, SEPT2 ya koma SEPTIN2, MARCH1 ya koma MARCHF1.

Kammalawa

Kafin a shigar da kowace lamba cikin kwamfuta, ya kamata a tambaya: wannan ƙirge ne ko suna? Yawan gawo ƙirge ne, lambar waya da lambar jarrabawa sunaye ne. Malami na iya koyar da wannan ko babu kwamfuta a aji. Ya rubuta 24 da 30 a kan katuna biyu, ya sa ɗalibi ɗaya ya jera katunan, wani kuma ya ƙirgo tsakuwa 24 da 30 ya haɗa su wuri ɗaya. Ɗalibin da ya ga 2430 a allo da tsakuwa 54 a ƙasa, ranar da ya ci karo da irin wannan amsa a kwamfuta zai san inda zai fara dubawa.