Kwalbar da Ke Kumfa a Walima: Ina Iyakar Ruwan Inabi da Giya?

Duk wanda ya halarci walimar aure a Minna cikin 'yan shekarun nan, ko a Bosso ko Tunga ko Maitumbi, ya ga wata doguwar kwalba mai naɗin takarda ruwan zinariya a wuya, wadda ake girkewa gaban ango da amarya, idan aka buɗe ta ta yi ƙara, kumfa ya zubo, yara su ɗauki sowa. Masu shaguna a Kasuwar Kure suna ce da ita wayin, kuma wannan suna ya jefa zukatan dattawa da yawa cikin shubuha, har na taɓa ganin wani malami ya janye hannunsa daga kofi ya nemi ruwa, alhali abin da ke cikin kofin ruwan inabi ne da aka ɗura wa iskar gas kamar lemon kwalba. Ban ga laifinsa ba, domin gudun shubuha ɗabi'ar masu tsantseni ce. Sai dai ina ganin mas'alar ta cancanci a warware ta da ilimi, tun da garinmu yana cikin jihar da ta karɓi Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Abdulkadir Kure, aka kuma taƙaita sayar da barasa.

Asalin al'amarin wata halitta ce ƙarama wadda ido ba ya gani, ita ce yis, wadda masu gidan burodi da masu fanke suka sani sarai. Allah Ya hore mata cin sukari, kuma idan ta ci, abu biyu take fitarwa: sinadarin maye da iskar gas. A ƙullin burodi iskar ce ke kumbura shi, mayen kuwa wutar tanda ta kore mafi yawansa. Amma a ruwan inabi, wanda yis ke zaune a kan ɓawon inabinsa tun yana gona, idan aka matse aka bar shi kwanaki cikin ɗumi, zaƙin yana raguwa, mayen yana ƙaruwa, har ya zama hamru. Idan kuwa aka rufe shi cikin kwalba kafin yis ya gama aikinsa, ko aka ƙara masa sukari da yis aka toshe, iskar ta rasa mafita ta narke cikin ruwan, wannan shi ne sirrin giyar nan mai kumfa ta yankin Shamfen a Faransa, wadda matsin iskar cikinta ya ninka na tayar mota fiye da sau biyu, shi ya sa ake yi mata kwalba mai kauri, a ɗaure toshiyar da waya.

Tarihin Amurka ya fi kowanne bayyana iyakar da ke tsakanin ruwan inabi da giya, domin a can aka yi ta kai da kawo a kanta. Limaman Kirista na Sifen su ne suka dasa inabi a Kalifoniya a ƙarshen ƙarni na 18 saboda ibadarsu, kuma yau jihar ita ke samar da kusan kashi huɗu cikin biyar na giyar inabin ƙasar. A birnin Sinsinati na Ohayo wani attajiri, Nicholas Longworth, ya soma yin giya mai kumfa da inabin ƙasar wajen 1842, kwalabe suna ta fashe masa a ma'ajiya, har sai da ya ɗauko gwanaye daga Faransa. Wani abin al'ajabi kuma, ƙwaron da ya cinye gonakin inabin Faransa daga shekarun 1860 daga Amurka ya zo, maganin ma daga can ya fito, da aka yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka, kamar yadda manomanmu ke yi wa mangwaro.

Amma mutumin da ya fi dacewa da zancenmu likitan haƙori ne mai suna Thomas Welch, mazaunin Vineland a jihar Niyu Jasi, wanda ya ƙi barasa saboda addininsa, ya kuma ƙi ganinta a majami'arsu. Ya sami labarin binciken Louis Pasteur na Faransa, wanda ya tabbatar cewa ƙananan halittu ne ke sauya abin sha, kuma zafi yana kashe su. Saboda haka a 1869 ya matse inabi, ya tace, ya ɗura a kwalabe, ya toshe, ya dafa su cikin ruwan zafi, sai ga ruwan inabi ya yi watanni da zaƙinsa bai juya ba. Daga wannan dabara aka sami sana'ar ruwan inabi marar maye, kuma kwalbar walimarmu jikanyarta ce. Bayan haka Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933, sai 'yan kasuwa suka riƙa sayar da daskararren ruwan inabi, mutane suna jiƙawa a gida suna bari ya juya, abin da ya nuna cewa doka ba ta isa ita kaɗai ba muddin sukari da yis da lokaci suna hannun wanda zuciyarsa ba ta hana shi ba.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun ɗora hukunci a kan wannan sauyi tun ba a san yis da sunansa ba. Ya tabbata cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zabibi ko dabino, ya sha har kwana uku, abin da ya wuce haka a zubar ko a bayar kafin ya juya. Kuma a mazhabar Malikiyya duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko da inabi aka yi shi ko da dawa, kamar burkutu. Illar hukuncin ita ce maye, saboda haka siffar kwalba da ƙarar toshiya ba su haramta halal, kamar yadda ƙwarya ba ta halatta burkutu.

To, kwalaben da ke shagunanmu iri uku ne, kuma sau da yawa a kanta ɗaya ake jera su. Akwai ruwan inabin da bai taɓa juyawa ba, wanda inji ya ɗura wa gas; akwai giya ta sosai, wadda ake rubuta yawan mayenta a jikinta, galibi kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari; sannan akwai na uku, wanda shi ne mahallin tsayawa, wato giyar da aka gama yi sannan aka zare mata maye, wadda dokokin ƙasashe da dama suka yarda a kira ta marar maye ko da ragowar rabin kashi ɗaya cikin ɗari, malamai kuwa sun yi saɓani a kanta. Ni dai ina ganin barin wannan ta uku ya fi, tun da ta farko tana nan a wadace.

Kada kuma mu manta da gorar kunun zaƙi da ta zoɓo, waɗanda ba a dafa su bayan an ɗura, wutar lantarki kuwa ba ta da tabbas. A zafin Maris da Afrilu na Minna, gora takan kumbura kafin la'asar, ta yi tsaki idan an buɗe. Mafi yawan tsamin kunu aikin wasu ƙwayoyi ne irin masu tsinka nono, ba maye ba ne, amma kumburin shaida ce cewa aiki ya kankama a ciki, ko don lafiyar ciki ma ya kamata a bar ta.

Ina roƙon malaman Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna su auna waɗannan abubuwan sha, su zauna da malaman addini, su fitar wa jama'a bayani da Hausa da Nufanci da Gwaranci. Kai kuma mai karatu, kafin ka sayi kwalba don walimar ɗanka, juya bayanta ka duba lambar NAFDAC da adadin mayen da aka rubuta, in ba ka iya karantawa ba ka ba yaro ɗan makaranta ya karanta maka.