Bahuli: Ciwon da Ba a Faɗa a Gaban Baƙo

Bahuli tana gindin duwatsun Mandara, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, ba nisa da iyakar Kamaru. Ƙasar Fali ce, ƙasar dawa da masara da gyaɗa. Idan ka je bayan girbi, ka ga rumbuna cike, yara na kora awaki, sai ka rantse babu abin da ya taɓa samun mutanen nan.

Amma ya same su. Ranar 29 ga Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, har ta sauya masa suna zuwa Madinatul Islam. Mutanen gari da na ƙauyukan kewaye suka watse, wasu suka bi duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola. A watan Nuwamba sojoji da mafarauta suka ƙwato garin. Jama'a suka dawo, aka gyara rufi, aka koma gona. Zuciya ce ba a gyara ba.

Na ga wata baiwar Allah a wajen injin niƙa. Tayar mota ta fashe a kan hanya, nan take ta saki kwanon masararta ta durƙushe, jikinta na rawa, hannu biyu a ka. Matan da ke wurin suka tsince mata hatsin ƙwaya-ƙwaya, babu wadda ta ce uffan. Da na tambaya, sai aka ce iska ce ke taɓa ta. Alhali likitoci sun san wannan ciwo na firgita bayan tashin hankali, kuma ana warkewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoyon. A ƙauyukanmu kalmar "mahaukaci" ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, gida guda take shafawa. Ranar da aka zo binciken aure, aka ji an ce akwai taɓin hankali a dangi, shi ke nan, ƙannen mara lafiya ma sun rasa manema. Shi ya sa ake kulle saurayi a ɗakin baya, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, baƙo ya tambaya a ce yana Yola wajen kawunsa. Ba mugunta ba ce, tsoron bakin mutane ne da rashin sanin inda za a dosa. An je wajen malami, an je wajen fasto, an sha saiwa da ɓawo, an sayar da akuya. Asibiti ne na ƙarshe, idan ma an je.

Kuma asibitin ƙwararru ba a kusa yake ba. Babban asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya yana Maiduguri, Yola kuwa tafiyar kusan kilomita 200 ce daga Mubi. Ga tiramadol da ke ƙara jefa samari cikin wani hali.

Duk da haka an fara motsi. Bayan dawowa daga gudun hijira, cocin EYN ta riƙa shirya zaman warkar da raunin zuciya a wannan yanki, inda mutane ke faɗin abin da idonsu ya gani. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya. Sai dai doka tana Abuja, sarƙa tana ɗakin baya.

Liman da fasto da mai unguwa, ku ake saurara a Bahuli. Ku faɗa a huɗuba da wa'azi cewa wannan ciwo ne kamar hawan jini, addu'a ba ta hana magani. Kai kuma mai ɗan'uwa a kulle, kwance shi, ka kai shi asibiti a Mubi a duba shi.