Wa Zai Ciyar da Ɗan Dako Ranar da Ya Kwanta Ciwo?

Duk buhun masarar da ya bar kasuwar Dawanau zuwa Legas ko Maraɗi, sai ya hau kan wani mutum kafin ya hau mota. Haka dilar atamfa a Kantin Kwari, haka katan ɗin taliya a Singa. Ɗan dako, lebura mai kwaɓa siminti, mai turin baro, ɗan garuwa, duk abu guda ya haɗa su: abin da aka samu yau, shi za a ci yau. Ƙanƙantar ladan tana damun su, amma abin da ke karya su shi ne ranar da ba a fita ba.

Mun ga hakan da idonmu. Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, ma'aikacin gwamnati ya zauna a gida albashinsa na shiga, lebura kuwa tun a kwanakin farko tukunyar gidansa ta sauka daga murhu. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mutum ya wuni yana sauke kaya, uban kaya ya ce sai dai ta waya, shi kuwa ko asusun banki ba shi da shi. Sai kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya sa kuɗin mota daga unguwannin bayan gari ya fara cinye abin da ake fita nema.

Dokokinmu na ƙwadago kuwa an yanka su ne daidai jikin mai albashi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, bai kuma shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya ɗauka ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta dogara ne ga kashi 1 cikin 100 na albashi da mai ɗaukar aiki zai zuba wa hukumar NSITF, alhali ɗan dako kan yi wa mutum goma aiki kafin la'asar, babu ko ɗaya da zai amsa sunan ubangidansa. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba sa ƙarƙashin tsarin da hukuma ta sani. Ke nan mafi yawan masu zufa suna wajen inuwar doka. Ko tsarin ƙaramin fansho da hukumar fansho ta PenCom ta ƙaddamar a 2019, wanda ya yi tunanin ware kashi 40 da mutum zai iya cira idan buƙata ta taso, ya ɗora nauyin ajiya duka a kan wanda da ƙyar yake kai cefane gida.

Akwai inda aka gwada wata hanya. A jihar Maharashtra ta Indiya, tun 1969 aka yi wa masu dako doka tasu. 'Yan kasuwa da 'yan dako kowa ya yi rajista da wata hukuma mai wakilan ɓangarorin biyu da na gwamnati. Ɗan kasuwa ba ya danƙa lada hannu da hannu. Yana zuba shi ne ga hukumar tare da wani ƙarin kaso, daga nan ake biyan ma'aikaci, a kuma yi masa tanadin magani, hutu da ajiyar tsufa. Abin da ya burge ni shi ne ba a tsaya neman ubangida guda ba, kasuwar gaba ɗaya aka mayar ubangida.

Kano ba daga tushe za ta fara ba. 'Yan dako suna da shugabanninsu a manyan kasuwanni, suna adashi, suna karo-karo idan ɗan uwa ya karye ko ya rasu. Jihar kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Abin da ya rage shi ne a ɗinke su: a yi rajista ta hannun ƙungiyoyin, a sa ɗan abu kaɗan a kan kowace motar kaya, a biya wa mutum da iyalinsa kuɗin asibiti, a ba shi na abinci a makon da ya kwanta. Kuma kada a tambayi takardar ɗan asalin jiha, domin da yawansu 'yan ci-rani ne daga Jigawa, Katsina da Damagaram. Wannan ya fi rabon shinkafa gaban kyamara, wadda kan ƙare kafin mako ya zagayo.

Na san abin da 'yan kasuwa za su ce: rasit ya yi musu yawa, kuma ba su ga inda kuɗin ke zuwa ba. Suna da gaskiya. A Indiyan ma, harajin da aka sa wa gine-gine tun 1996 domin leburori ya taru jibgi a asusun jihohi ba a kashe ba, har Kotun Ƙoli ta tsawatar a 2018. Saboda haka asusun da za a tara kuɗin a Kano ya zauna a cikin kasuwa, wakilan 'yan dako su kasance cikin masu sa hannu, a kuma karanta lissafinsa a bainar jama'a duk wata. A fara da kasuwa guda, kamar Dawanau, a ba ta shekara ɗaya, sannan a duba mutum nawa aka yi wa magani.